Ɗumamen Kwana Arba'in

A Fagge, ta wajen da ke kallon tashar jirgin ƙasa, akwai wani dattijo mai suna Sammani. Shekara talatin ya yi yana aikin jirgi kafin ya ajiye. Aikinsa ɗaga tuta ne, ja ko kore, kuma duk unguwa an sani. Amma in ka ba shi kunne minti biyar zai gaya maka shi ne babban kuku a taragon cin abinci, har manyan mutane kan yanki tikitin Legas ba su da abin yi a can, don dai su ci miyarsa. Tsofaffin abokan aikinsa sun ce iyakar saninsu, wata rana kuku ya kwanta zazzaɓi a Zariya, aka ba Sammani buta ya kai wa direba shayi. Rabin shayin ne ya isa.

Matarsa Kubura ba ta taɓa ƙaryata shi ba. Ita ke girki, shi ke ba da labarin girki.

Ana tsakiyar zafin bazara sai 'yarsu ta haihu a Potiskum. Babu wata babba kusa da ita, dole Kubura ta tafi ta yi mata wankan jego, kwana arba'in cur. Sauran 'ya'yan duk sun yi aure sun watse. Gida zai rage daga Sammani sai rediyonsa.

Cikin Sammani bai dami Kubura ba kamar kwanon ciyayya. A layinsu, kullum in an idar da sallar magariba, magidanta kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Sammani, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗa a ci. Kwanon da ya fito shi ne mutuncin matar gida. Na Kubura, tun da aka kawo ta layin, bai taɓa fashi ba. Don haka ta ce za ta ba maƙwabciyarsu Falilat kuɗin cefane, ta riƙa ƙara hannu a tukunyarta tana aiko masa.

Sammani ya ji kamar an mare shi. Ya ce shi da ya ciyar da jirgi guda, yau za a ce wata ta ciyar da shi? Ya zaro waya ya nuna mata wata mata da ya gani, ta yi girki yini ɗaya, ta zuba a robobi ta jera a firiza, ta yi wata guda tana ɗumame. Ya ce in mace da ba ta taɓa aikin jirgi ba ta yi wata ɗaya, shi kwana arba'in zai yi, har ma ya rage canjin da zai sayi sabuwar hula.

Kubura ta kwance bakin zani ta ajiye kuɗin a gabansa.

"Ga su nan, Malam, babu wasu bayansu. Ranar da kwanon gidan nan ya kasa fita, Falilat za ta kira ni, ni kuma in kira Yaya Mahbuba ta zo ta zauna da kai har in dawo."

Sammani ya yi dariya, amma dariyar a baki ta tsaya. Mahbuba yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a Kurna. Ita ta goye shi, kuma har yau ba ta yarda an sauke shi ba. Zuwan da ta yi na ƙarshe, mako ɗaya kacal, ta hana shi goro, ta hana shi gishiri, ta ɓoye batirin rediyo, ta kuma fito da tsintsiya ta share ƙofar gida ana tsakiyar ciyayya.

Ran Alhamis Kubura ta hau mota, ta bar masa miyar kwana biyu. Da magariba ya kawo kwano, ya kuma kawo labarin shirinsa. Alhaji Fatai, mijin Falilat, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, ya tambaye shi ko ya taɓa dafa ƙwai. Sammani ya ce ƙwai aikin ƙananan kuku ne, shi daga miya ya fara. Malam Ari tela, wanda ba ya son doguwar magana, ya ce shi roƙonsa ɗaya ne, a yi duk abin da za a yi, kada dai Mahbuba ta zo. Duk tabarmar ta ce amin.

Ran Juma'a da yamma Sammani ya sa farar riga ya shiga kasuwar Sabon Gari. Duk rumfar da ya tsaya sai ya fara da sanar da mai kaya cewa cefanen kwana arba'in zai yi, kuma shi ba a cutarsa don ya san kaya. 'Yan kasuwa suna son irin wannan mutum. Mai tumatir ya tura masa kwandon da ya fara laushi ya ce shi manyan kuku ke nema. Mahauci ya cika masa leda da ƙashi da ganda, ya ɗora tsoka uku a sama. Wata mai kifi, Chioma, ta ji shi yana bayanin yadda ake gane kifi mai kyau ta ido, sai ta haɗa masa kawuna zalla, tunda idanun a nan suke. Ya sayi tattasai, attaruhu, albasa, kuka, agushi, daddawa da manja. Da ya taya robobi masu murfi irin na matar cikin waya, ya ji kuɗinsu, sai ya ce roba almubazzaranci ce. Ya sayi farar leda ƙulli biyu.

Ya kai kayan miya markaɗe aka cika masa bokiti biyu. Ya ƙi ɗaukar mai baro, ya ce shi ba ya biyan mutum ya tura abin da ke da mariƙi. Ya shiga adaidaita sahu, bokiti ɗaya a tsakanin ƙafafu, ɗaya a kan cinya. A titin Ibrahim Taiwo direba ya taka birki. Da ya sauka a bakin layi, ja wur daga ƙirji zuwa gwiwa, mata biyu suka fara salati suna tambayar wane asibiti za a kai shi.

Ran Asabar ya aro tukwanen biki guda uku, ɗaya ta jar miya, ɗaya ta agushi, ɗaya ta kuka. Murhun Kubura bai ɗauke su ba, sai ya kafa duwatsu a ƙofar gida ya hura wuta. Itacen ɗanye ne, shi ma araha ya saya. Hayaƙi ya turnuƙe layin. Sammani ya ɗaura zanin matarsa a ƙugu, ya rataya tawul a kafaɗa, hawaye na zuba, yana ba tukwane umarni kamar suna jin magana.

Abu ɗaya ya manta. Ranar ce jaririyar Potiskum ta cika kwana bakwai. Shi bai lissafa ba, amma matan layin sun lissafa. Suka ga tukwanen biki uku a ƙofar gidan kakan jaririya ranar suna, ba su bukaci wani ya yi musu bayani ba. Kafin azahar aka fara sallama. Barka da suna, Allah ya raya, Allah ya ɗayyaba. Kowace da kwano a ƙarƙashin mayafi.

Ta farko ya tsaya zai yi mata bayanin firiza. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce Allah ya sanya alheri, ta miƙo kwanon. Ya zuba. Ta biyu ta ga an zuba wa ta farko. Daga nan kuma babu sauran bayani. Masu gyaran taya na bakin titi suka zo taya murna. Wani da Sammani bai taɓa gani ba ya ce ajinsu ɗaya da uban jaririya.

Da la'asar ta gabato ya yi niyyar rufe tukwane, sai ga maroƙi ya ɓullo, hayaƙi ya jawo shi tun daga layi na uku. Ya tsaya ya gyara murya.

"Sammani na jirgi, kakan amarya! Mai ludayin da ba ya tsoron ƙasan tukunya! Wanda ya ciyar da Kano ya ciyar da Legas, tuta a hagu ludayi a dama!"

Shekara talatin Sammani na jiran wani ya faɗi haka a bainar jama'a. Ya buɗe tukwanen duka uku. Ya riƙa nitsa ludayi har ƙasa inda nama yake. Yana cikin nuna wa maroƙi yadda ake juya miya a jirgi mai gudu, jar miyar ta kama, ta yi duhu. Da jama'a suka watse, kowace tukunya ta koma ƙasa da rabi. Tsoka babu, kawunan kifi babu. Ganda ce kawai ta tsira, don ba ta dahu ba.

Alhaji Fatai ya leƙa tukwanen ya ce wannan in an yi tsimi za ta kai Laraba.

Sammani ya ce Fatai ƙarfe ya sani, bai san miya ba. Ya ɗauko bokiti ya tsiyaya ruwa a kowace tukunya har ta dawo inda take da safe. Don kada ɗanɗano ya gudu, ya juye sauran attaruhun duka a jar miya, ya dambara wa kuka daddawa har sai da ƙudaje suka sauya layi. Shi bai ji komai ba. Hayaƙin yini guda ya toshe masa hanci, mura ta kama shi. Kuma ya ce kuku na gaske ba ya ɗanɗana girkinsa, da ido yake aunawa.

Da miya ta huce ya zauna ya ƙulla ta a farar leda, cin kwana ɗaya ƙulli ɗaya. Ƙullin ya yi kyau, wannan kam ba a hana shi. Shekara da shekaru yana ganin yadda Falilat ke ƙulla zoɓo, sai ya kwaikwaye ta daidai, doguwar leda mai siririn wuya.

Saura firiza. Gidan Sammani babu, in ma akwai wuta ba ta zama. Falilat ce ke da manya guda biyu a shagonta na Sabon Gari, da sola a kan rufi. Sana'arta ke nan, ƙanƙarar zoɓo da kunun aya da ruwan tsamiya. Ya loda ƙullinsa a buhu ya kai mata.

Falilat ta ɗaga ɗaya ta duba a haske. Jar miyar da ta ƙone aka tsinka ta da ruwa, ga ta nan ja mai duhu. Agushin ya yi fari tsararo. Kukar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa.

"Baba Sammani, ka zuba su a baƙar leda mana, ko ka rubuta a jiki."

"Iya, ni da na haddace tashoshi daga Kano har Iddo ta Legas, miya ce za ta ɓace min?"

"Ba kai nake ji ba, ledar nake ji."

"A jere zan sa su kamar taragu. Ja a gaba, fari a tsakiya, kuka a baya. Ko ido rufe na zo zan ɗauka."

Falilat ta ce firiza ɗaya cike take da na sayarwa. Ɗayar kuwa tana tara kayan wani taro ne na ran Juma'a, ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgi sun ba ta aikin abin sha. Akwai wuri a gefe, ya sa. Sammani ya ce ai shi ma an gayyace shi taron, har an ba shi jawabi. Ya jera taragunsa a lungun dama, ya tsaya ya ƙare musu kallo, ya rufe.

Abin da bai tambaya ba, ita kuma ba ta ga dalilin faɗa ba, shi ne yadda ake aikin ƙanƙara. Kullum da safe Falilat kan kwashe waɗanda suka daskare ta maido su sama, ta tura sababbin ƙulli ƙasa inda sanyi ya fi. Hannunta ya saba, ba ta ko dubawa. Leda kuwa in ta yi kwana biyu a firiza, farin sanyi kan lulluɓe ta, ba ka ganin komai sai alamar launi. Ran Lahadi ta tuna da lungun dama ta kauce masa. Ran Litinin masu saye suka yi mata yawa.

Ran Lahadi da Litinin kwanon Sammani ya fita lafiya. Ya dafa shinkafa, rabi ta caɓe rabi da tsakuwa, ya jefa ƙulli a ruwan zafi ya narke, ya yaga ya juye. Miyar ruwa ce da yaji, amma miya ce. Malam Ari ya ci loma biyu ya sha ruwa kofi uku. Sammani ya ce haka manya ke yi in sun ci girkinsa. Ya fara cewa zai buɗe makaranta ya koya wa gwauraye da ma'aikata dabarar, ya kuma ce in Kubura ta dawo zai rage mata kuɗin cefane tunda ya gano inda suke zurarewa.

Ran Talata ya je shago, ya zura hannu lungun dama, ya ɗauko ja. Ya narkar, ya juye a kan shinkafa, ga duhun magariba ga babu wuta. Ya kai tabarma ya buɗe da kansa.

Alhaji Fatai ya kai loma. Ya daina tauna. Ya dubi Malam Ari, Malam Ari ya dubi sama.

"Sammani, wannan zoɓon matata ne."

"Miya ce."

"Da citta da kanumfari da sukari?"

"Haka ake yi wa masu tikitin sama. Kai a taragon awaki kake tafiya, ina za ka sani."

"Shekara ashirin ina shan abin nan, ban taɓa cin sa da shinkafa ba sai yau."

"To ka gode min."

Aka yi shawara a tabarma. Aka ce sharaɗin Kubura shi ne kwano ya fita, kuma ya fita. Ba ta ce ga abin da zai kasance a ciki ba. Fatai ya yarda ba zai gaya wa matarsa ba, don in ta ji, Potiskum ta ji, in Potiskum ta ji, Kurna ta ji. Aka ture kwanon gefe aka ci na sauran.

Ran Laraba Sammani ya tuƙa tuwo, gudaji kamar an zuba tsakuwar gini. Ya ce yau agushi za a ci. Aka gutsuri tuwo aka tsoma. Kunun aya ne, da ɗumi, har da ƙamshin dabino. Sammani ya cinye malmala guda shi kaɗai don kada a ce ya ja da baya, yana ci yana cewa a ƙasashen waje haka ake haɗa abinci da abin sha a kwano ɗaya, don a rage wanke-wanke.

Ran Alhamis tsamiya ce a kan tuwo. Ba wanda ya ko miƙa hannu. Malam Ari ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce shi abu ɗaya ne bai gane ba. In zoɓo yana zuwa nan, ita miyar ina take zuwa?

Sammani ya ce tana nan a jere. Fatai ya buɗe baki zai yi magana, aka kira isha'i, aka tashi.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tsofaffin ma'aikatan jirgi suka taru a ƙarƙashin rumfa kusa da tasha. Sun fi ɗari, da 'yan dako da direbobin da suka zo kallo. Rana kamar za ta narka kwalta. Falilat ta iso da manyan kuloli huɗu, ta kwashe firizar taro kaf ta zuba a ciki tun safe, har lungun dama, don da ta duba ba ta ga wani jeri ba, ta ɗauka Baba Sammani ya kwashe nasa. Zuwa yanzu ƙullin sun fara saki, sun yi daidai sha.

Aka ba Sammani abin magana. An ce ya yi minti biyar a kan zumunci. Ya ce zumunci kowa ya sani, shi zai yi magana a kan yadda ɗan fansho zai ci da kansa ba tare da ya dogara da mace ba. Ya ba da labarin taragon cin abinci. Ya ce yau kwanansa shida yana cin girkin yini ɗaya, kuma akwai na wata guda a ajiye, kowanne a mazauninsa. Ya ce sirrin abin tsari ne, mutumin da ba shi da tsari ko ruwa ya dafa sai ya ƙone.

Yana cikin haka shugaban ƙungiya ya ga mutane na fifita da hula, ya yi wa Falilat alama a raba abin sha. Aka bi layi-layi ana miƙawa. Kowa ya karɓa ya ciji gefen leda ya zuƙa, yadda aka saba, ba mai dubawa.

Yawanci suka sami zoɓonsu. Amma wani tsohon direban jirgi a layin gaba ya zuƙi jan ƙulli da ƙarfinsa na mai ƙishi. Ya miƙe tsaye ba tare da sandarsa ba, abin da ya shekara biyar bai yi ba. Bakinsa a buɗe, ba magana, hawaye kawai. Na kusa da shi ya miƙa masa farin ƙulli ya kashe yajin. Agushi ne.

Daga nan rumfar ta rikice. Can baya wani na tari, nan wani na neman ruwa, wani ya zaro abu daga bakinsa ya ɗaga sama yana tambayar tun yaushe ake sa ganda a zoɓo. Shugaba da kansa tsamiya ya zaɓa, don likita ya hana shi sukari da yawa. Ya zuƙa. Da ya janye ledar daga bakinsa, miyar kuka ta biyo shi, zare guda tun daga leɓe har gaban babbar riga, ta ƙi tsinkewa. Warin daddawa ya tashi.

Sammani bai lura da wuri ba. Ya ga mutane na miƙewa ya ɗauka jawabi ne ya ratsa su, ya ƙara murya. Sai da ya ga Falilat ta nufo shi da ƙulli a kowane hannu.

"Baba Sammani, wannan mene ne?"

Abin maganar na hannunsa, kuma a kunne yake. Ya dubi ƙullin. Ya ce, duk rumfa na ji, "Wannan ta ran Talatar sama ce."

Shugaba ya goge gemu ya tambaya ko wannan ita ce miyar da ake yankar tikitin Legas dominta. Tsohon direban, da muryarsa ta dawo, ya ce shi ne aka kai wa shayin nan a Zariya, kuma yau ya gane Allah ne ya taimake shi da rabi ya zube. Rumfa ta kwashe da dariya, har masu hawaye. Sammani ya ce laifin na'urar sanyi ne, ta jirgi ba ta haɗa kaya. Ba wanda ya ji shi. An riga an kashe abin maganar.

Falilat ba ta yi dariya ba. Ta juye kulolin a kan tabarma, ita da wasu mata biyu suka riƙa ɗaga ƙulli ɗaya-ɗaya suna shinshinawa, nata a dama, nasa a hagu. Ta tattara nasa a buhun da ya kawo su ta ajiye masa a ƙafa. Ta ce firizarta ba ta sake ganin miya ba har abada. Sannan ta ciro waya. Sammani ya ce Iya a yi haƙuri a bari sai magariba, ai kwano bai kasa fita ba tukuna. Ta ce to, ta ba shi zuwa magariba.

Ya saɓi buhu ya yi ta yawo a Sabon Gari yana neman mai firizar da zai karɓa. Labari ya riga shi zuwa. Mai sayar da ƙanƙara na farko ya hango shi ya rufe shago. Chioma mai kifi ta ce tata cike take, amma in yana son kawuna akwai sababbi. Rana na dukan buhu, buhu na ɗiga a bayansa. Da ya iso gida, ledojin sun kumbura kamar balan-balan. Ya yaga guda a tukunya ya ɗora a wuta. Ta yi kumfa ta taso. Murar da ta toshe masa hanci kwana shida, a nan take ta sake shi. Ya fito tsakar gida da gudu.

Ya laluba aljihu. Abin da ya rage ba zai sayi ko malmala biyu ba.

Aka idar da magariba aka shimfiɗa tabarma. Kwanon Fatai ya fito, na Ari ya fito, na sauran suka fito. Fatai ya rage murya ya ce a ɗebi tuwo daga nasa a zuba a kwanon Sammani a shiga da shi ta baya a fito da shi ta gaba. Ari ya ce dabara ce. Suna cikin ɗiba suka ɗaga kai, ga Falilat tsaye a ƙofar gidanta, waya a kunne, tana kallonsu. Fatai ya mayar da tuwon inda ya ɗebo.

Washegari da hantsi adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gida. Aka sauke ƙullin kaya uku, da tabarmar sallah, da wata tsohuwar tukunyar ƙasa. Mahbuba ta sauko a ƙarshe, 'yar ƙaramar tsohuwa, ba ta kai kafaɗar Sammani ba. Ta dube shi daga hula zuwa takalmi ta ce ya rame, kuma bakinsa ya yi ja da goro. Ta miƙa hannu. Ya zaro goron daga aljihu ya ba ta.

Da magariba kwano ya fita. Sammani ne ya ɗauko shi, ya ajiye a tsakiyar tabarma ya buɗe. Faten tsaki ne, fari fat, babu gishiri babu mai. Ya gyara zama ya ce kada wani ya yi zaton wani abu, shi ya aika a kira ta. Kowane babban kuku yana bukatar mataimaki, kuma ya ga tsohuwar na zaune ba aikin yi, gara ta zo ta koyi wani abu kafin Kubura ta dawo.

Daga cikin zaure murya ta fito, ba da ƙarfi ba.

"Auta, da wa kake surutu? Zo ka wanke hannu in gani."

Sammani, mai shekara sittin da uku, mai jikoki tara, ya tashi ya shiga.

Can sai aka ji ƙarar tsintsiya tana tahowa ta cikin zaure. Malam Ari ya ɗauki kwanonsa, Fatai ya kama bakin tabarma, suka ja ta zuwa ƙofar gida na gaba.